Baba Ajimi da Murhun Baƙin Mai

Na kai shekara goma da sanin Baba Ajimi kafin ya yi abin da ya burge ni. Dattijo ne gajere, da tsagar Barebari a fuska, kullum hannu da maiƙo, kullum rai a haɗe. In ka gaishe shi sai ya ga dama ya ɗago ya ce "Wushe," shi ke nan an gama gaisuwa. Rumfarsa a unguwar Gomari take, nan Maiduguri, bayan wani gidan burodi, in jirgi zai sauka kwanon rumfar har rawa yake. Ni kuma a unguwar Lamisula nake sayar da abinci, tuwo da burabusko da shinkafa. Sunana Hajara, amma shi bai taɓa kirana da shi ba. "'Yar Kano" yake ce mini, alhali a garin nan aka yanke mini cibi, Kanon ma sau biyu na taɓa zuwa, duka kuma biki ne ya kai ni. Hausarsa ba ruwanta da mace ko namiji, kowa "kai" ne a bakinsa. Zan gyara masa maganarsa a nan, kada ku ce ni ce ban iya ba.

A Tsohuwar Maiduguri aka haife shi. Tun yana saurayi ya shiga gyaran babur, ya yi wajen shekara talatin a kai. Waɗanda suka san shi a lokacin sun ce babur yana tahowa daga bakin layi zai faɗa maka abin da ke damunsa, ko mai ya yi masa yawa ko iska ta yi masa kaɗan. Sai rikici ya zo, aka wayi gari an hana hawan babur a garin gaba ɗaya. Masu baburan da ke wurinsa wasu suka bar gari, wasu aka daina jin labarinsu. Ya jingine baburan a bayan rumfa, rana da ruwa suka cinye su, ya koma gyaran risho. A nan na san shi, don wata gwaggona a Gomari take, ita ta nuna mini shi da rishona ya fara hayaƙi. Yana sauya lagwani yana mita, wai mata ba su san darajar ƙarfe ba. Da kananzir ya fi ƙarfin talaka, risho ya koma ƙarƙashin gado, sai ya koma walda. Waldar ma ba ta yi nisa ba aka kayar da turakun lantarki a hanyar Damaturu, gari ya zauna a duhu wata da watanni. Sana'a uku ke nan ta mutu a hannun mutum ɗaya, kuma ban taɓa jin ya ce wayyo ba. Mita dai ba ya fasawa.

Ni damuwata a shekarar nan ba duhu ba ce. Maigidana ce damuwata. Sunansa Garzali, na faɗa sau ɗaya, daga nan Malam za ku ji. Direba ne, da can kifi yake ɗaukowa daga Baga, da hanya ta lalace ya zauna ba aiki. Daga baya wani ya ba shi tsohuwar a-kori-kura, yana kwasar masu saran itace yana kai su daji ta hanyar Damboa. Su fita da sassafe, su dawo da la'asar kafin soja su rufe hanya. Kowa a garin nan ya san abin da ke cikin dajin. A layinmu kaɗai an yi zaman makoki biyu na masu itace, ɗaya ma ba a samu abin binnewa ba. Amma itacen kasuwa ya yi tsadar da in na saya na yi girki da shi, wahalar banza na yi. Wanda Malam ke sauke mini daga motar shi ne ke riƙe da tukwanena, tukwanen kuma su ke riƙe da gidan.

Na yi faɗa, na yi kuka, na yi yaji na kwana biyu a gidan gwaggo, duk a banza. Ranar da na dawo ya zaunar da ni ya ce, "Hajara, ke kina ganin daɗi nake ji? Duk kututturen da na gani a daji sai na ɗauka mutum ne. To amma da me za ki dafa?"

Na ce, "In na samu abin dafawa fa?"

Ya ce, "Ranar da tukunyarki ta daina cin itace, wallahi na daina shiga daji." Ya faɗa ne yana dariya, don yana ganin ranar ba za ta zo ba. Ni kuwa na riƙe rantsuwar nan gam.

Bayan kamar sati biyu na je suna a Gomari. Zan wuce rumfar Baba Ajimi sai na ji wani gurnani, na leƙa. Ga shi a tsugune gaban wani mummunan abu, butar shayi a kai tana tafasa har murfin yana tsalle, ba itace ba gawayi. Na ce, "Baba, wannan kuma wane iskokin ne?"

Ya ce, "Baƙin mai."

Ai kuwa sai na tsuguna, atamfar sunan ma na manta da ita. Tunda wuta ta tafi kowane shago da janaretonsa, kowane janareto kuma sai an juye masa mai, baƙin man nan har a kwata ake zubarwa. Shi ne ya ɗauko tankin babur cikin waɗanda ke bayan rumfa, ya rataye shi a sanda, ya faɗaɗa ƙofar famfonsa don man yana da kauri. Man yana bin siririn bututu yana ɗiga cikin wani kofin ƙarfe. A tsakiyar kofin akwai wani bututun a tsaye, an huda shi zagaye, wata 'yar fankar mota da batirin keke napep tana hura masa iska ta ƙasa. Ya ce baƙin mai ba ya kama wuta haka kawai. Sai ka fara ƙona tsumma a kofin har ya yi ja, man in ya ɗiga ya zama tururi, tururin ne ke haɗuwa da iska ya ci. "Babur da risho da wannan duk abu ɗaya ne," in ji shi. "Mai da iska. In sun daidaita ba hayaƙi."

Na ce, "Zai dafa tuwon mutum hamsin?"

Ya dube ni kamar na zage shi. Ya ce, "'Yar Kano, wannan zai dafa saniya."

Kwana tara ya yi yana haɗa nawa. Ranar da ya kawo shi a keke, rabin Lamisula sai da suka taru a rumfata. Ya kunna, wuta ta tashi da gurnani, shuɗiya a ƙasa ja a sama. Na ɗora babbar tukunya. Kafin in gama tankaɗe gari ruwa ya tafasa, mata suka ɗauki guɗa. Ya tsaya ya harɗe hannu, ya ce ya gwada da ruwa ya fi sau ashirin, ko sau ɗaya bai ba shi kunya ba. Na yi talge, na zuba gari, na kama muciya. Tuƙin farko murhun ya yi gefe, saura kaɗan tukunyar ta kife mini a ƙafa, don ya yi masa dogayen ƙafafu kamar teburin mai shayi. Mata biyu suka riƙe mini. Na ce, "Baba, rage wutar." Ya ce, "A rage kuma? Don me?" Kafin mu gama musu ƙauri ya cika layin. Ƙasan tuwon ya zama gawayi, samansa ɗanye, gari yana kallona.

Raina ya ɓaci, kuma in raina ya ɓaci bakina ba ya da linzami. Na ce, "Shekara sittin kana cin tuwo, ba ka taɓa tambayar yadda ake yin sa ba? Ruwa ka yi ta dafawa! An taɓa ƙona ruwa? Wa ya ce maka ruwan zafi nake sayarwa?" Na faɗa masa haka a gaban mutane, dattijo sa'an ubana. Har yau in na tuna sai kunya ta kama ni. Ya jira abin ya huce, ya loda shi a keke ya tafi. Da la'asar Malam ya dawo ya tarar ina kankare tukunya, ya sauke mini itace ya jera, bai ma yi mini dariya ba, wanda hakan ya fi dariyar ciwo.

Na ɗauka shi ke nan na kori Baba Ajimi. Kwana uku bayan nan, ina hura wutar safe, sai ga shi da 'yar kujerarsa a hannu. Ya ajiye ta gefen murhuna na duwatsu ya zauna. Na gaishe shi ina ta ba da haƙuri, ya ɗaga mini hannu. Ya ce, "Yi girkinki. Kallo na zo."

Ashe a gida ya fara gwada kallon girkin. Matarsa, Ya Falmata, ta gan shi tsaye a ƙofar madafa yana leƙen tukunya, abin da bai taɓa yi ba tun aurensu, ta ɗauka zarginta yake da ɓarnar hatsi. Ta kore shi da ludayi, ta kwana biyu ba ta yi masa magana ba. Gidan wani kuma ba ya shiguwa ga namiji. Ni kaɗai ce mai girki a bakin titi da ya sani, shi ya sa ya haɗiye zagin da na yi masa ya dawo.

Kwana huɗu ya yi yana zama. Masu cin abinci suna ta tsokanarsa, wai Baba ya zo koyon girki zai ƙara aure, wai a ba shi zani. Ko kallonsu bai yi ba. Hannuna yake kallo. In na tura itace ya ce, "Don me?" In na janye biyu na yayyafa musu ruwa ya ce, "Don me?" Wallahi wasu abubuwan ni kaina ban san ina yin su ba sai da ya tambaya, hannu ne kawai ya saba. Ya auna tsayin duwatsun murhun da sandar tsintsiya. Ya sa na tuƙa tuwo shi kuma ya dafa tukunyar don ya ji ƙarfin da take sha, ya ce, "Kai! Ashe dambe kuke yi." Da na zo turara burabusko, na kwashe itacen kaf na bar garwashi kaɗan na rufe tukunya, ya sunkuya ya daɗe yana kallon ƙasanta.

A rana ta huɗu ya miƙe ya kakkaɓe riga. Ya ce, "Wutarku uku ce. Akwai mai faɗa, ta tafasa ruwa. Akwai mai hira, ta talge da miya. Akwai mai barci, ta turara. Ni mai faɗa kaɗai na yi miki." Sannan ya ce, "Mai barcin ce za ta ba ni wahala."

Ta kuwa ba shi. Ƙafafun ya gyara a kwana ɗaya, ya yi su gajeru uku masu faɗi, ko jaki ya tuƙa tuwo a kai ba za su motsa ba. Ya sa wani faifan ƙarfe a saman wutar don ta bazu, kada ta riƙa sokar tukunya a wuri ɗaya. Amma da zarar an rage ɗigar man, sai kofin ya huce, don fankar tana nan tana hura shi da ƙarfinta. Kofi in ya huce mai ba ya zama tururi, sai ya taru ya yi ta baƙin hayaƙi. Ya kawo na gwada, shinkafata ta fito tana warin gareji. Wani mai keke ya ci loma ɗaya ya ce, "Hajiya, wannan a sa wa mota ne ko a ci?" Ya mayar, ya sake kawowa, wutar ta mutu a tsakiyar turara. Ya mayar. Wata ya wuce muna haka, kullum da sassafe Malam yana fita. Ni kuma daga azahar ba na iya ƙirga malmala daidai, kunnena yana titi har sai na ji ƙarar motar nan, wadda salansarta ta fashe, tun daga kwana ake gane ta.

A cikin watan ne aka kawo labarin wata motar itace da ba ta dawo ba, ba ta su Malam ba. Washegari na tafi Gomari ba shiri. Na tarar da Baba Ajimi zaune cikin kofuna sun kai goma, duk ya huda su iri-iri ya watsar. Ya rame. Batirin ma a kafaɗa yake kai shi wurin mai sola ya yi caji, waldar kuma sai ya jira gidan burodi sun tada injinsu su ba shi aron wuta. Na zo da niyyar matsa masa, da na gan shi sai na kasa. Na zauna a kan wani tsohon babur na fashe da kuka. Na ce, "Baba, tsoro nake ji. Kullum gani nake yau ce."

Bai rarrashe ni ba, ba halinsa ba ne. Ido ya zuba wa hannuna, ashe ina kukan ina murɗa hannun babur ɗin ban sani ba. Can ya ce, "Tashi daga nan." Na ɗauka faɗa zai yi don na zauna masa a kan kaya. Ya ture ni gefe, ya kama totur ɗin ya murɗa ya saki, ya murɗa ya saki. Ya ce, "Shekara talatin! Shekara talatin ina wannan aikin, sai yarinya ta zo ta yi kuka sannan in tuna. Babur in ka sassauta masa totur, mai kaɗai yake ragewa? Har da iska!" Ya ce in tafi gida in ba shi kwana biyar.

Kwana shida ya yi. Ranar Talata da hantsi ya iso. Wannan karon kofin wani ƙarfen birkin babbar mota ne mai kaurin gaske, in ya ɗauki zafi ba ya saki da wuri. A bakin fankar ya sa murfin gwangwanin madara mai buɗewa da rufewa. Ya haɗa murfin da famfon man da wayar totur, ya kawo su kan hannun babur guda, da robarsa da komai, ya like shi a gefen murhun. In ka murɗa gaba, mai da iska su ƙaru tare, in ka dawo da shi su ragu tare. Ya cire abin da ke mayar da totur baya, duk inda ka bar shi nan zai tsaya. Man ma ya ce in riƙa barinsa ya kwana a jarka ruwan ciki ya kwanta, in tace da tsumma kafin in zuba.

Ban kira kowa ba wannan karon. Na tafasa ruwa da mai faɗa, na murɗo na yi talge da mai hira, na tuƙa, murhun ko gezau. Sannan na murɗo hannun har ƙarshe. Gurnanin ya koma kamar numfashi. Na leƙa ƙasa, ga wani ɗan zobe shuɗi yana zagaye kofin, ba hayaƙi ko na sigari. Na sayar da tukunyar farko kaf ba wanda ya ce ya ji wani wari. Na ɗora ta biyu, ta yamma, na tuƙa na rufe na bar ta a kan mai barci. Ina ta murna, har na fara shirya abin da zan faɗa wa Malam in ya zo sauke itace.

La'asar ta yi ba mota. Aka idar da salla ba mota. Sai wani mai keke da ya tsaya shan ruwa ya ce an ji harbi ta wajen hanyar Damboa tun azahar, soja sun rufe hanya da wuri. Mara ce a hannuna, ban san lokacin da ta faɗi ba. Na zari mayafi. Baba Ajimi ya ce, "Je ki. Ina nan." Ko murhun ban kashe ba.

A shingen soja na tarar da mata sun fi ashirin, kowa da wanda take jira. 'Yan gora, samarin sa-kai masu taimaka wa soja, suka hana mu matsawa. Motoci uku suka shigo, muka yi kansu da gudu, babu ta su Malam. Na tambayi direban ta ukun, ya san Malam, ya ce ya ga hayaƙi ta gefen da suke sara, iyakar abin da ya sani ke nan. Na tsaya a wurin har rana ta yi ja. Na yi addu'a har na rasa me zan ƙara faɗa, sai "Ya Allah" kawai nake maimaitawa. Da aka fara kiran magariba suka ce kowa ya watse, ba mai shigowa kuma sai gobe. Na hau keke na juya. A hanya har na fara tunanin wa zan fara kira a dangi.

Na sauka a bakin layi. Daga nesa na hango mutane a rumfata, na ce an riga an kawo labari. Da na matso sai na ga mutum a kan benci, ba takalmi, ƙafafu duk ƙaya da jini, riga a yage, kwano a cinya. Malam ne. Yana cin tuwo hannu baka hannu ƙwarya, wasu maza uku cikin masu saran suna gefensa su ma suna ci. Baba Ajimi kuma yana tsugune gaban tukunyata da mara, yana kwaso wata irin malmala mai kama da bulo.

Na yi salati da ƙarfi, na zube a ƙasa a wurin. Ban iya tashi ba sai da mata suka kama ni. Daɗin da na ji ban taɓa jin irinsa ba, ko ranar haihuwar fari. Ina kuka ina dariya ina zaginsa, wai don me bai biyo ta shinge ba. Ya ce an buɗe musu wuta suna cikin lodi, suka watsu, suka bar motar. Su takwas ne, duka sun fita, ɗaya dai mai suna Abdulsalami an same shi a cinya, sun goyo shi bi da bi ta cikin gonaki har suka faɗo gari ta wani gefen, yana asibiti. Tun safe ba abin da ya shiga cikinsu.

Baba Ajimi ya ce, "'Yar Kano, zo ki gani." Ni ina ta mutum, shi yana ta tukunya. Ya karkata mini ita. Awa uku da wani abu tuwon nan yana kan wuta, yana tururi, ƙasansa ko ƙanzon kirki bai yi ba. Malam ya tsaya da ci, ya sunkuya ya leƙa ƙasan murhun. Ya duba hagu ya duba dama, ya ga itacen jiya yana nan a jere ba a taɓa ko ɗaya ba. Ya dube ni, ni ma na dube shi. Bai ce komai ba, ya ci gaba da cin tuwonsa.

Shirun nan ya hana ni sakat, don na san yunwa, na kuma san maza. Motar ta ƙone, amma mota ba ta ƙarewa a gari. Kwana biyar kuwa, ranar Lahadi bayan an fito sallar asuba, sai ga hon a ƙofar gida. Mai motar ya samo wata, mutanen nan da suka sha da ƙyar suna baya da sababbin gatura, don 'ya'yansu ba za su ci labari ba. Malam ya sa takalmi a kan ƙafar da ba ta gama warkewa ba ya fita. Na bi shi har zaure na laɓe. Na ji suna cewa ya zo ya karɓi tuƙi, shi ya san hanya.

Ya ce, "Ku yi haƙuri. Na yi rantsuwa, kuma an cika mini sharaɗi. Allah Ya tsare ku, Ya dawo da ku lafiya."

Suka yi ta roƙo, ya ce a'a. Da motar ta tashi ya shigo ya same ni a zaure ina share hawaye. Ya ce, "To kukan na mene ne kuma? Ina jarkokin? Mai shagon kanti ya ce yau zai juye man injinsa, kada wani ya riga mu."

Da hantsi na cika kula da burabusko da miyar yakuwa na tafi Gomari. Na durƙusa har ƙasa gaban Baba Ajimi, abin da ban taɓa yi masa ba. Na ce, "Baba, bai tafi ba. Sun zo da mota ya ce ba ya zuwa. Allah Ya saka maka, Allah Ya jiƙan mahaifa." Na ci gaba da jero addu'a, shi ko kular bai buɗe ba.

Ya ce, "Amma motar ta tafi?"

Na ce ta tafi.

"Mutum nawa a ciki?"

Na ce shida, da sabon direba bakwai.

Ya goge hannu da tsumma. Sannan ya jawo takalmansa ya zura, ya ɗauki sandar tsintsiyar da yake awo da ita. Ya ce, "Tashi ki kai ni gidajensu. Ki shiga ki tambayo mini matan, kowacce me take dafawa, kuma tukunyarta yaya girmanta."